Léonce da Katangar Gurguwa

Coline, matso da kujerar ta wannan gefen, kunnen hagun ya daina aiki. Yadda na faɗa haka za ki rubuta, ban da gyara mini baki. Ni ban yi makaranta ba. Shekarun da ya kamata in zauna a aji yaƙi ake yi, da aka gama kuma na riga na isa ɗaukar dutse. To sa haka: Firmin Massé ne yake magana, a kan ɗan wan babansa, Léonce Massé, wanda ya girme shi da shekara uku.

Gida ɗaya aka haife mu, a arewacin tsibirin Oléron, inda in kin fito ƙofa kina hango hasumiyar fitila. Ƙauyenmu gida takwas ne suke da Gurguwa. Katanga ce ta dutse a cikin teku, zagaye kamar kofaton doki, hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, shi ya sa sunan. In ruwa ya ciko sai ya rufe ta ruf, kifi ya shigo. In ya janye sai ya tsiyaye ta ƙofar ƙarfe, kifin ya rage a ciki, mai rana ya sauka da kwandonsa ya kwashe. Kowane gida da ranarsa. Babu wanda ya yi arziki da ita, amma babu gidan da tukunyarsa ta wuni ba komai.

Babu siminti a jikinta ko cokali ɗaya. Dutse ne a kan dutse, a tsaye, kowanne ya danne ɗan'uwansa. Abin da yake ɗaure su kawa ce, 'yar halittar ruwan nan mai ɓawo da ake ci. Ita take fitowa a jikin dutsen, ɓawonta ya manne wannan da wancan, shekara da shekaru, har katangar ta zama abu guda. Saboda haka dokarmu ta farko, kawar jikin katanga ba a taɓa ta. Ina ɗan shekara bakwai na ɓamɓari ɗaya, babana ya zabga mini marin da sai da na zauna a cikin ruwa. Doka ta biyu kuma, baƙon da ya tarar da kai a katanga ranar da kake da ita, ba ya tafiya hannu rabbana. Ko kifi ɗaya ka kama, ka raba. Ba wanda ya taɓa tunanin dokokin nan biyu za su yi karo.

Léonce hannunsa ya san dutse. Zai ɗauka, ya juya shi sau biyu, ya ajiye, ki zo da ƙarfe ba ki fitar da shi. Ni kuwa in na ɗora sai ya zo ya sa ƙafa ya girgiza.

"Wannan kai ka ɗora, ko kazar Armance ce ta yi ƙwai a nan?"

"Yaya, ai ya zauna."

"Ya zauna kamar kai a coci, yana jiran a ce a tashi. Cire."

Armance matarsa ce, Allah ya ji ƙanta. 'Yarsu ɗaya, Mireille. Yana ɗan shekara talatin gidajen takwas suka ba shi shugabancin katanga, shi yake rabon ranaku, shi yake kiran gayya in ta tsage. Yana da zafin rai, yana kuma son a yaba masa. Wannan na biyun kada ki cire, don shi ne maganar.

Da aka yi gada tsakaninmu da babban tudu, sai 'yan wanka suka fara zuwa. Haka muke kiran masu zuwa hutu. Da can jirgi suke shiga, kaɗan ne, mun san fuskokinsu. Bayan gada sai motoci jere kamar tururuwa. Su hau hasumiya, su je su ga tsohuwar ganuwa a kudu, su ci, su kwanta a yashi har su yi ja. Léonce bai tsane su ba. In sun tsaya suna kallonsa sai ya gyara hula, ya ɗaga kifin sama yadda za su gani.

Ranar da abin ya faru watan Agusta ne, ranar gidansa ce, ni na raka shi. Mun sauka mun tarar babu komai. Ciyawar ruwa sai ƙananan ƙaguwa biyu da ko kyanwa ba za ta kalla ba. Muna juyowa sai ga mutane kusan talatin sun sauko daga babbar mota, da wata mata a gaba mai yi musu jagora. Ta ce sun taso daga hasumiya, an ce musu a nan za su ga masunta irin na da. Suka zagaye mu, suna leƙa kwandon. Wata dattijuwa mai farar hula ta ce, "Ayya, yau ba a samu ba?"

Na ga kunnen Léonce ya yi ja. Ya dubi kwando, ya dubi katanga. Na ce a hankali, "Yaya, kada."

"Ɗaya ce fa."

"Ka ce musu su dawo gobe."

"Baƙo ya tsaya a kaina in sallame shi da gobe? A katangar ubana? Rufe mini baki, Firmin."

Ya zaro wuƙa ya ɓamɓari ɗaya, babba, ya buɗe ya miƙa wa dattijuwar. Ta shanye, ta lumshe ido, suka yi tafi. Wani ya ɗauki hoto. To ka ba wa ɗaya, sauran fa? Sai da ya cire goma sha. Muka hawo. Da muka isa bakin hanya ya ce, "Kada Armance ta ji."

Da shekara ta zagayo, hoton ya fito a irin 'yar takardar nan da ake raba wa 'yan wanka. Ga Léonce da hularsa, ga wuƙa, ga kawa, yana dariya. Shi ya karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa. Wai in ka zo nan, ka sauka tsohuwar katanga ka ci kawa daga jikin dutse yadda 'yan gari suke yi.

Suka zo kuwa. Da wuƙar cin abinci, da guduma, har da ƙarfen cire taya. Iyali guda za su hau kan katangar da bokiti, uba yana sara, uwa tana tarawa. Su kifar da dutse neman ƙaguwa, su bar shi a kife. Léonce ya riƙa bin su yana ihu. Akwai wani ƙato mai gajeren wando da ya ce masa, "Tsoho, teku ta kowa ce." Ya zaro takardar daga aljihu, ya dubi hoton, ya dubi Léonce. "Kai, ba kai ne wannan ba? Marie, zo ki gani, shi ne!" Suka nemi ya tsaya a yi hoto da shi.

Léonce ya kafa allon gargaɗi, suka rataya tawul a kai. Ya je ofishin masu buga takardar ya yi magana, aka daina buga hoton, amma magana ta riga ta shiga bakin mutane. Shekara ashirin ana haka. Kowane rani su ci, kowane sanyi teku ta zo ta gwada inda suka ci, mu kuma mu bi muna toshewa.

A cikin shekarun nan gidajen takwas suka narke. Tsofaffi suka mutu, 'ya'ya suka sayar wa 'yan wanka gidajen suka haye gada. Ki bi layinmu a watan Janairu, taga a rufe, taga a rufe, sai hayaƙi ɗaya ko biyu. Armance ta rasu. Mireille tana aiki a Poitiers. Masu katanga muka rage mu uku, ni da shi da Théodule, mai tsohuwar tarakta da ciwon gwiwa.

Shekarar da Léonce zai cika saba'in da biyar, a watan Fabrairu, aka yi iska kwana uku. Da ta lafa muka sauka da safe. Can ƙuryar katangar, inda ta fi nisa da tudu, teku ta ɓalle taku ashirin. Duwatsun sun watse fes, babu ko ɓawo ɗaya a jikinsu, kamar an wanke kwanuka. Léonce ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ce, "Nan ne na tsaya ranar."

Na ce, "Kai dai. Shekara ashirin, ka san wurin?"

"Na sani."

Mutumin ofishin teku ya zo ya duba. Ba mugu ba ne, ya cire hula ya gaishe mu. Ya ce katangar da ta tsaya a ɓalle har sanyi ya sake zagayowa, za a cire sunanta daga cikin masu aiki. In an cire kuma shi ke nan, ba a ba da izinin sabuwa. Ya ce, "Ku nawa ne?" Théodule ya ce, "Uku, amma gwiwa biyar."

Kin san ƙuryar nan ba kullum ake kai mata ba. Sai sabon wata da tsakiyar wata, in ruwa ya ja da nisa, kwana uku ko huɗu, kowace rana kamar awa biyu. Théodule ya jawo dutse da tarakta iya inda taya take tsayawa, ni in kai da amalanke, Léonce ya ɗora. Shi kaɗai ya iya dasa na ƙasa, waɗanda komai yake hawa kansu. Daga Maris har Satumba haka muka yi. Farcensa biyu suka fita. Akwai ranar da ya durƙusa ya kasa miƙewa, ruwa yana dawowa, sai da muka ɗora shi a amalanken kamar buhun dankali. Yana ciki yana zagina, wai ban iya tuƙi ba.

A tsakiyar Satumba saura taku uku, amma a wuri mafi zurfi. Wurin ba ya fitowa fili sai a babban janyewar ƙarshen Satumba, kuma a cikin kwanakin ma rana ɗaya ce tak ƙasan yake bushewa sosai. Ta faɗo Lahadi. Mun tara duwatsun a gefe, Léonce ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, har ya san wanda zai fara dasawa.

Ranar Juma'a Mireille ta iso da murnarta, ta ajiye takardu uku a kan tebur. Tikitin jirgin yawo ne, na wuni guda. La Rochelle, tsibirin Aix, da wani tsohon kurkuku na tsakiyar teku. Ta ce, "Baba, shekara saba'in da biyar kana ganin fitilun La Rochelle daga ƙofar gida, ba ka taɓa taka ta don yawo ba. Mutane daga Japan suke zuwa. Kai da Baffa Firmin, ranar Lahadi, ranar haihuwarka."

Léonce ya ce, "Wace Lahadin?"

"Jibi mana."

"Kin duba ruwa?"

"Wane ruwa? An ce za a yi rana."

Yarinyar da aka haifa a gidan nan, wadda kafin ta iya ƙirga goma ta san lokacin cika da janyewa. Ba laifinta ba ne, shekara ashirin da biyar tana inda ba teku. Ya yi mata bayani. Ta saurara, sai ta kama hannunsa ta juya, ta ga farcen.

"Dubi wannan. Likita ya ce ka daina, ka ɗauka ban sani ba? Mama ta mutu tana jiran ka kai ta wani wuri, kullum ruwa, kullum dutse. Ni rana ɗaya na roƙa. Ɗaya. In ka ƙi ba komai, in koma yau."

Ta fashe da kuka. Ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Da na yi magana a lokacin, da wataƙila. Ban yi ba. Ki rubuta ban yi ba.

Ya ce, "Litinin ma ruwan zai ja. Da ƙyar, amma zai ja."

Ranar Lahadi muka sa rigunan coci muka shiga jirgi da sassafe. A La Rochelle aka sauke mu a gindin manyan hasumiyoyin nan na bakin tasha. Kowa ya ɗaga kai sama, Léonce ya leƙa ƙasa yana duban inda ruwa ya bar alama a jikin bango. Ya ce mini, "Ya fara ja. Dubi yadda yake gudu, yau zai tafi da nisa." Mireille ta sayo masa ayis kirim, ya riƙe har ya narke masa a hannun riga. Ta ce, "Baba, ka ga sarƙar da suke rufe tashar da ita da?" Ya ce, "Na gani, 'yata, da kyau." Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi.

Ba mu san jirgin zai bi ta gefenmu ba. Wajen tsakar rana, maimakon ya miƙe Aix, sai ya karkata don mutane su ɗauki hoton hasumiyar fitilarmu daga teku. Ruwa ya kai ƙarshen ja. Tunda nake ban taɓa ganin Gurguwa daga waje ba sai ranar. Ga ta nan gaba ɗayanta, baƙa, doguwa, ga 'yar kafar da ta rage, ƙasanta a bushe ƙarau. Ga taraktar Théodule a tsaye, shi kaɗai yana zaune a kai, ya zo ko za mu fasa tafiyar. A kan katangar kuma mutane ne birjik da bokitai.

Sai murya ta fito daga lasifikar jirgin. Ta ce, jama'a, a hannun damanku ga kangon wani tarkon kifi na mutanen da, an gina shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, yanzu an daɗe da barinsa, teku tana cinye shi a hankali.

Léonce ya miƙe. "Wa ya bar ta? Kai, wa ya bar ta? Sati biyu da suka wuce na ɗora dutsen can!"

Lasifika ba ta ji, ta ci gaba da maganar tsayin hasumiya. Ya kama ƙarfen gefen jirgi yana ɗaga hannu, yana kiran Théodule, wanda ko da bindiga aka harba ba zai ji ba daga nan. Ya juya ga wani ma'aikacin jirgin ya ce a sauke shi, ko a ina, zai taka. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Kaka, a nan sai dai iyo." Mutane suka yi ta dariya, ba da mugunta ba, sun ɗauka cikin shirin ne. Mireille ta ja rigarsa. "Baba, don Allah zauna, ana kallonmu."

Ya zauna. Muka je Aix, muka zagaya kurkukun, aka ce mana shekara nawa aka yi ana gina shi. Bai ɗaga kai ba. Da muka sauka da yamma ya sumbaci Mireille a goshi ya ce ya gode, ya ji daɗi.

Litinin iska ta juyo daga yamma. In ta juyo haka tana tokare ruwa, ba ya fita. Muka sauka mu uku muka tsaya, ruwa har cinya a wurin da jiya yake a bushe. Léonce ya shiga da dutsen farko a ƙirjinsa, ya laluba da ƙafa, ya dasa, igiyar ruwa ta zo ta kwantar da shi da dutsen. Muka jawo shi. Ya sake komawa, muka sake jawo shi. Théodule ya ce, "Léonce, in ka mutu a nan ni ba mai ɗaukarka, gwiwata ba za ta iya ba." Léonce bai yi dariya ba. Iskar ta yi kwana tara. Teku ta sami ƙofa a buɗe, ta shiga ta nan ta riƙa yaye katangar hagu da dama. Aikin wata bakwai ya tafi a kwana biyun farko. Da ta lafa, ɓarakar ta fi taku sittin.

Kafin Kirsimeti takardar ofis ta zo. Bai karanta mini ba, ya dai ce, "An cire." Mireille ta yi ta bugo waya tana kuka, yana ce mata ba ita ba ce, iska ce. Ni ma haka na ce mata. Théodule ya sayar da taraktar.

Bayan shekara biyu aka zo aka kafa wani allo mai kyau a bakin hanya, da zanen katangar yadda take da, da kibiyoyi masu nuna shigar kifi. Aka roƙi Léonce ya riƙa zuwa ran Alhamis a lokacin rani yana yi wa 'yan wanka bayani. Na ce ba zai yarda ba. Ya yarda. Ya ce zaman gida ya ishe shi, bango yana yi masa magana.

Sau ɗaya na je na gani. Yana tsaye a gefen allon da hularsa, ya ba teku baya, mutane kamar goma sha biyar a gabansa. Yana nuna zanen da sanda. Nan ruwa yake shiga, nan yake fita, nan ake tsayawa. Muryarsa shiru-shiru kamar mai karanta sunayen matattu a coci. Wata mata goye da jariri ta ce, "Baba, kai ka taɓa sanin wani da ya yi aiki a irin wannan?"

Ina tsaye a bayansu, ya gan ni sarai. Ya ce, "A'a. Duk sun mutu."

Ta ce ayya, suka wuce mota, za su je su ga ganuwa kafin a rufe. Na jira ya tattara sandarsa muka taho gida tare. Rani uku ya yi yana wannan. A watan Nuwamba na ukun ya rasu a kan kujerarsa, da rana tsaka, takalmansa a ƙafa. Mu tara ne a jana'izar, har da fada, limamin coci.

Tsaya nan, Coline. Ba ni ruwa, maƙogwarona ya bushe.